Shaidar Mahaifina da Mutanen da Suka Taka Wata

Shekarun baya, ina yarinya a wani ƙauye tsakanin Batsari da Safana, mahaifina ne idon garinmu. Makiyayi ne, ya saba da hangen nesa. In azumi ko sallah ta matso, shi ake turawa kan dutse da magariba. In ya sauko ya ce wata ya tsaya, to ya tsaya, dattawa ba sa ja.

Wata ranar kasuwa ya kai bijimi Batsari. Da ya dawo, ko gida bai shiga ba, ya zarce majalisa. Ya ce ya tsaya gun wani mai tebur da ke da rediyo, ya ji da kunnensa an ce Turawa sun hau wata, sun sauka, har sun yi tafiya a kansa.

Wani dattijo ya ce, "Wane watan?"

"Wata nawa gare mu? Wannan dai da kuke aike na dubawa."

Aka bushe da dariya. Wani ya ce, "Abin da bai fi faifai ba, ina ƙato zai aza ƙafa? Ko nonon yau ya yi maka tsami ne?" Liman bai yi dariya ba. Ya ce da shi ya yi istigifari, ya janye maganar, a bar ta a nan. Mahaifina ya ce, "Allah gafarta malam, ban ce na gani ba, cewa na yi na ji. Kuma mai faɗin bai yi mini kama da mai wasa ba."

Da azumi ya zo, ya hau dutse, ya sauko ya ce ya gani. Aka ce a nemo wani. Wai mutumin da akwatin Nasara ya juya wa kai ba a ɗora azumin gari a kan idonsa. Daga shekarar nan bai ƙara hawa ba.

Ni kuwa a bakin rijiya 'yan mata suka sa ni gaba da tsokana, wai 'yar mai hawa wata. Na fasa wa ɗaya tulu, na dawo gida ina huci. Kun san bakina, ba yau ya fara ba. Na tsaya a gabansa na ce, "Baffa, ka ce ƙarya ce mana mu huta!" Ya dube ni, ya tashi ya tafi ɗaure maruƙa. Bai sake ta da zancen ba.

Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci a Batsari, bayan na aurar da 'ya'ya biyu. Malamarmu sa'ar 'yata ce. Ran nan ta buɗe littafi ta ɗaga mana hoto: mutum cikin farar riga kumburarriya, sama baƙi ƙirin a bayansa, ga sawun takalminsa kwance a ƙasa mai kama da toka. Ta ce a kan wata yake tsaye.

Na miƙe da ƙaton jikina na ce, "Malama, ki ji tsoron Allah. Maganar nan ta taɓa ɓata mana gida."

Ta ce, "Zauna, Inna, ki ji." Ta ce su uku ne. An zaunar da su a ƙolin wani abu mai tsawon hasumiya, cike da mai, aka kunna wuta a ƙarƙashinsu. Inda suka nufa babu iska, babu ruwa, in rigar ta yage shi ke nan. Sun san haka, matansu sun sani, kuma suka shiga da ƙafarsu. Na zauna shiru, abin da ajin nan bai taɓa gani ba.

Washegari na ari littafin na hau mota zuwa ƙauye. Lokacin mahaifina ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani, hoton ma bai gani ba. Na durƙusa na karanta masa, yatsa a kan layi, ina haɗa baƙi ina tuntuɓe. Da na gama na ce, "Baffa, gaskiyarka ce. Ka yafe mini. Yanzun nan zan kai littafin nan majalisa."

Ya ce, "Ki kai wa su wa? Duk suna maƙabarta, Allah ya jiƙansu." Sai ya lalubo wuyan hannuna ya riƙe gam. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka ya ce, "Uwata, sun dawo?"

Ashe ya bar kasuwar ran nan suna can sama, kuma bai da wanda zai tambaya ba tare da an yi masa dariya ba.

Na ce, "Sun dawo, Baffa, su ukun. A teku suka faɗo, aka tsamo su da ransu."

Ya saki hannuna, ya shafa fuska. "Alhamdulillahi. Duk ran da aka ce wata ya tsaya sai in ce ko 'ya'yan mutane na can, ba wanda ya rufe su."

Na gaya masa biyu ne suka sauka, ɗaya ya zauna cikin jirgin shi kaɗai yana kewaya wata yana jiransu. Ya jinjina kai ya ce, "Wannan ne aka bari da garke. Ku ba ku san wuyar wannan ba."

Yau ga waya a hannuna, na kalli saukar nan har ban san iyaka ba, kuma kowane karo sai na riƙe numfashi kamar ban san ƙarshen ba. Jikokina suna hamma. Ina kewar zamanin da mutum zai zauna a kan wuta don ya je ya gano abin da Allah ya halitta, wani kuma a ƙauye ya rasa girmansa don ya ƙi cewa bai ji ba. Ni dai gafara na je nema, na shirya kuka, na shirya faɗa da dattawa. Shi kuwa lafiyar baƙi uku yake tambaya, waɗanda ko sunansu bai sani ba.