Malama Baranda

A makarantar babu mai kiranta da sunanta na yanka. Malama Baranda ake ce mata, har hedimasta, ita kuma ta daɗe da daina damuwa. Ita ke riƙe da ajin masu hazaƙa, wani ɗaki a ƙarshen ginin ƙasa, mai fanka ɗaya da ba ta juyawa sai an zungure ta da sanda. Idan an tashi daga makaranta, a nan zaɓaɓɓun yara suke taruwa ta ba su lissafi da karatun da ya fi na ajinsu tauri.

A ƙa'ida jarabawa ce ke kawo yaro ajin. Tana karɓar waɗanda jarabawar ta kawo, akasarinsu 'ya'yan gidajen da ake da mai duba musu aikin gida. Amma ba ta tsaya nan ba. Kullum da hantsi, idan darasi ya yi nisa, sai ta bi baranda, ta ƙasa da ta saman bene, tana duba yaran da aka koro waje saboda surutu ko barci ko tsokana. Ba ta faɗa, ba ta roƙar wa kowa afuwa. Tsugunawa take yi kusa da yaro, ta tambaye shi abin da malam yake koyarwa a ciki. Yawancinsu sai su sosa ƙeya. Amma jefi-jefi akan sami wanda yana durƙushe yana wasa da tururuwa zai faɗa mata lissafin da ke kan allo, har da amsar da malamin bai kai ba tukuna. Irin wannan ba rashin ji ke damunsa ba, jiran sauran ne ya ishe shi. Sai ta ce ya same ta bayan an tashi.

A ɗakin malamai, da ta miƙe sai a ce motar shara ta fito aiki. Ba ta taɓa tankawa ba. Cikin sharar da ta kwasa, wani yanzu shi ke gyara injunan asibiti, wasu sun ɓace mata, wata kuma ta dawo makarantar a matsayin malama. Ita ce Aku, wadda tun tana ƙarama bakinta ba ya rufuwa, ta fi sanin simintin baranda fiye da bencin aji.

Yanzu gwiwoyin Malama Baranda sun ƙare, ritaya kuma ta zo, ƙarshen zangon nan za ta ajiye alli. Hedimasta ya ba Aku ajin, ya kuma faɗa a taron malamai cewa yawon baranda zai tafi tare da mai shi, jarabawa ta wadatar. Aku ta ce to. Wannan "to" ɗin ya fi ciwon gwiwa tsaya wa tsohuwar a rai. Idan yawon ya mutu, yaran da ake korowa sun rasa ƙofar da suke da ita ke nan.

Da yamma mijinta, tsohon direban bas, yana shafa mata man zafi, ya ce ta kira Aku ta yi mata nasiha mana, ai kamar 'yarta ce. Ta ce ta sha zama a tarukan ƙara wa juna sani, ta ji jawabai kan adalci har kunnenta ya yi tsami, ba ta taɓa ganin jawabin da ya ɗaga yaro daga durƙuso ba. Ya ce to ta ci gaba da taurin kai, shi dai man ya kusa ƙarewa.

Washegari da hantsi ta leƙa ɗakin malamai.

"Aku, zo ki riƙe ni. Benen nan ya fi ƙarfina."

Ba ƙarya ta yi ba. Aku ta ajiye jan biro ta taso, ta riƙe mata hannu suka hau, mataki ɗaya hutu ɗaya. Haka suka yi ta yi kullum, Aku na duba agogo, tana mitar takardun da ta bari ba ta yi musu maki ba. Wata rana suka tarar da wata yarinya an koro ta, tsohuwar ta gwada tsugunawa, gwiwa ta ƙi.

"Tambayar min ita."

Aku ta tattare zaninta mai guga ta tsuguna. Kafin ta buɗe baki ta ɗago kai.

"Mama, na san fa abin da kike yi."

"To ki yi shiru ki yi tambayar."

Yarinyar ba ta san komai ba. Suka sauko.

A makon ƙarshe ko da riƙo tsohuwar ba ta iya hawa. Takan zauna a benci gindin bene da hantsi, ba ta kiran kowa. Aku takan wuce ta da tarin takardu, ta gaishe ta, ta shige ɗakin malamai. Babu wanda ya hau. Tsohuwar ta ce a ranta shi ke nan, ta yi iya yinta, ta gaji. Ta fara kwashe 'yan kayanta daga ajin: kofi, dasta, tsohon tabarau da ta daina gani da shi.

Ranar ƙarshe, yara sun zauna, ita tana ɗaure bakin jaka, sai ga Aku tana haki, ta jawo wani yaro mai rigar da babu maɓalli ko ɗaya. Ta ce daga saman bene ta samo shi, ya amsa mata tambaya tun ba ta rufe baki ba.

Malama Baranda ta zaunar da shi ta ba shi lissafi. Ya ba da amsa nan take, da ƙarfin gwiwa, kuma ba ta ko kusa. Ta ba shi wani mai sauƙi, ya sake yin haka. Kafin ta juya ya ja kunnen na gabansa.

"Wannan kam bakin ne zalla," in ji ta.

Aku ta sunkuyar da kai, ta ce bari ta mayar da shi.

"Bar shi. A nan ba a kora, idan ya gaji zai tafi da ƙafarsa. Kin zaci ke ce ta farko da na ɗauko? Kafin ke na kwaso irinsa sun fi a ƙirga. Wani har da kwalin allina ya gudu."

"Hedimasta fa, Mama?"

"Yaushe rabon da ki gan shi a saman bene? Gwiwarsa ta fi tawa lalacewa."

Ta rataya jaka ta miƙe da ƙyar. A bakin ƙofa Aku ta tambaye ta wane lokaci ya fi dacewa a hau. Ta ce idan darasi ya yi nisa, kafin nan ba a gama korowa ba, kuma ta daina sa takalmi mai tsini. Sannan ta ɗauko sandar fanka daga bayan ƙofa ta miƙa mata, don ɗakin ya fara zafi.