Haƙorin da ke riƙe birgi

Maigidana masunci ne, kuma a shekarar da aka ce Bature ya tattara nasa ya nasa ya tafi, haƙori ɗaya tak ya rage masa a gaba. Sauran haƙoran kuwa, goro da shekaru sun raba su. Kada ku yi dariya tukuna. Mai jefa birgi, ragar nan mai dalma a baki, hannu biyu ba sa isar sa. Sai ya ciji gefenta, ya juya, ya saki. To da wannan haƙori yake cizo. Da shi muke ci, mu bakwai.

Ɗari ya shigo. Wata safiya ya fito daga kogin Kwara yana karkarwa, na miƙa masa kokona mai citta yana tururi. Kurɓa ɗaya, sai ga namiji ya yi tsalle ya dafe baki yana salati.

"Lafiya, Malam?"

"Ke! Kashe mu za ki yi? Wanga haƙori shi ka cishe mu, kin zuba mai wuta!"

Na ce to ya bari ya huce mana. Ya harare ni, wai koko mai sanyi ai ruwan wankin ƙwarya ne. Kun ji fa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ranar kasuwar Illo ya haɗu da wani tsohon soja daga Dahomey, sojan ya ce masa ya riƙa yi wa haƙorin hula da kakin zuma. Ya zauna ya mulmula, ya kafa, ya ɗaga ƙwarya da ƙasaita. Kakin ya narke, rabi ya bi koko ciki, rabi ya daskare a gashin baki. Ni na kankare shi da wuƙa, yana zagin sojan har kakansa.

Sai ya yanko hannun ganyen gwanda, mai ramin nan, ya zura shi can bayan haƙori ya zuƙa. Wayyo! Koko ya wuce kai tsaye maƙogwaro. Kwana uku yana magana kamar agwagwa, yara na shiga bayan rumbu su yi dariyarsu su fito da fuskar kirki.

Da ya warke ya ƙirƙiro ta kwance: ya kishingiɗa a tabarma, ni in riƙa ɗura masa da ludayi ta gefen kumatu. Ni, uwar 'ya'ya biyar, ina ɗura wa mai furfura koko! Ran da ya yi atishawa na cika masa kunne da koko, na ajiye ludayin na ce, "Wallahi Malam na gaji. Ko jinjiri bai ba ni wagga wahala ba." Ya ce haƙuri zan yi, ɗari ya kusa wucewa.

Ɗarin bai wuce ba. Wata safiya ya dawo da wuri, ba kifi ko ɗaya, leɓensa da jini. Ya ce ya jefa birgi, birgi ya tafi da haƙorin. Duk wahalar nan, ashe ba koko ne ajalinsa ba. Ya zauna ɗaram ya ce, "Kawo shi da zafinai." Ya shanye ƙwarya biyu yana gumi yana lumshe ido, ni kuwa na yi dariya har na riƙe ciki.

Washegari na neme shi da koko, na iske shi bayan ɗaki inda ba mai ganinsa. Ya sa gefen ragar a dasashi, ya juya, ta zame ta faɗi a ƙafarsa. Ya ɗauka, ya sake. Ta zame. Ya sake. Tausayinsa ya kama ni. Ina nan tsaye har kokon ya yi sanyi a hannuna.