Wankin Hotunan Mahadi

A Funtuwa aka haifi Uchechukwu, kuma shekararsa goma sha biyar yana gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Yakan bugi ƙirji ya ce ba a yi Hausar da zai ji ya ce "me?" ba. Duk tsohuwar laftof da aka kawo tana jan ƙafa, manhajar Linux yake ɗora mata ta miƙe.

Wata rana Gwaggo Ummukulsum ta zo daga Maska da laftof ɗin ɗanta Mahadi, wanda ya rasu a kakar bana, ta naɗo ta cikin zane. Ta ce, "Ɗan nan, ta ƙi tashi. Ka tashe ta, ka wanke mini abin da ke ciki."

A bakin masu gyara, wankewa sharewa ce. Ya sa filashin da yake ɗora Linux da shi, da allon ya tambaya ko a goge komai, ya danna "e" ko ɗar bai ji ba. Saita sautin kwamfutar ne ya ba shi wahala, sai la'asar ya shawo kansa.

Da ta dawo ya kunna mata, ko kallon allon ba ta yi ba. Ta ce, "Ina hotunan? Akwai wanda ya ɗauka a gonar masara, shi nake so a wanke babba."

Kwana uku yana tonon kwamfutar, bai samo ko ɗaya ba. Ita kuwa ba ta yi faɗa ba, sannu da aiki ta yi masa. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Har yau, duk wanda ya ce masa "wanke", sai ya ajiye aiki ya ce, "Me?"