Cigiyar da Ta Ƙi Sauka

Hindatu 'yar Malam Zayyanu ba ta iya rarrashi ba, kuma ba ta taɓa cewa ta iya ba. Da ta gama karatun kwamfuta a Sakkwato sai ta dawo Illela ta kama shago kusa da kara, kasuwar dabbobi, ta buɗe shafin cigiyar dabbobi. Wanda saniyarsa ta ɓace ya kawo hoto, ta ɗora da lambar wayarta, masu waya daga nan har Ƙonni su gani.

Sabar tata, wato kwamfutar da ke miƙa wa wayoyi shafuka, tana liƙa wa kowane shafi 'yan layukan umarni a ka. Hindatu ta sa umarnin ya ce waya ta riƙe shafi mako guda ba tare da ta ɗauko sabo ba, don data a bakin iyaka kamar ruwa a kwando take. Ta daɗe tana yabon kanta kan wannan dabara.

Sai jar saniyar wani dattijon makiyayi mai suna Yari ta ɓace a Tozai, Hindatu ta ɗora cigiyarta. Ranar Alhamis aka same ta, Hindatu ta gyara shafi. Ranar Lahadi Yari ya kawo ta kara zai sayar, wani dillali ya duba wayarsa, ga tsohuwar cigiya tana nan daram. Kafin a kira Hindatu har an yi wa tsohon zobe, an kira shi ɓarawo a gaban surukinsa.

Da gudu ta iso, mayafi na jan ƙasa.

"Ku sake shi! Wagga saniya tashi ta. Ni ad da laifi."

 Yari ya ja saniyarsa ya koma gida, ita kuwa kunya ta hana ta cin abinci.

Washegari ta zauna ta ware wa cigiyoyi jaka tasu, ta umarci sabar ta riƙa miƙa fayilolin cikinta yadda suke, kada ta liƙa musu umarninta. Kowane fayil ya ɗauki nasa a ka, kamar yadda babanta ke rubuta wa kowace wasiƙa kanta da hannunsa. Cigiyar dabbar da ake nema, kada waya ta ajiye ta. Wadda aka samu, a tura mai dubawa shafin "an gan ta". Gwajin farko sabar ta yi mata tutsu, don ta manta barin layi guda fanko tsakanin umarni da labari. Ta zagi kanta, ta gyara.

Wata biyar Yari bai ko kalli shagon ba. Ran nan sai ga shi da hoton bijimin maƙwabcinsa.

"Ɗiyata, in an same shi, abin ga naki na mantawa?"

"Nan take, Baffa. Ni na rubuta mai da hannuna."

Ya daɗe yana dubanta, sannan ya ajiye hoton a kan tebur.

"To ɗora. Nawa sunan dai mutane ba su manta ba."