Kwanon Waje

Shekarar da 'yan ƙwallonmu suka tafi Ƙatar, a shekarar ne kuɗi ya daina jin magana a unguwarmu Maamobi. Ina riƙe da ita domin ranar wasan farko matata ta dawo daga kasuwa da rabin abin da ta je saye, ta dire kwandon a bakin ɗaki, ta zauna tana dariya. Na ce lafiya? Ta ce mai manja ta ƙara kuɗi tun tana kan layi, wadda ke gabanta ta saya a wani farashi, ita ta saya a wani.

Ni kafinta ne. Rumfata tana Alajo, ina yin benci da tebur da ƙananan kujerun girki. Muna da 'ya'ya huɗu, muna zaune a ɗaki ɗaya da baranda a gidan haya, famfo ɗaya ga kowa. A shekarar nan katako ya tashi, ƙusa ta tashi, masu sayen benci kuma suka gane cewa tsohon bencinsu bai mutu ba tukuna.

Akwai wata al'ada a ƙofar gidanmu wadda na tarar tun kafin in yi aure. Idan an idar da sallar magariba, sai a shimfiɗa tabarma a gindin bango, kowane magidanci a kawo masa kwanonsa daga ciki, a haɗa a tsakiya. Ana buɗe kwano ɗaya, kowa ya sa hannu, idan ya ƙare a jawo na gaba. Ciyayya ke nan. Mu biyar ne. Akwai Alhaji mai gidan, tsohon ɗan kasuwar goro. Akwai Tela, ɗan Moshi, da Direba, ɗan Dagomba mai tuƙa motar haya ta trotro zuwa unguwar Madina, waɗanda kakanninsu suka bar musu gadon tsokanar juna. Sai ni. Na biyar shi ne Baba mai gadi, Bazabarme, wanda iyalinsa ke can Nijar. Shi ba ya kawo kwano. Yana ci tare da mu, in an gama ya dafa mana shayi a 'yar butarsa, kuma kowa ya san wannan zaman ne abincinsa na kirki a yini.

Wanda bai taɓa zama a ciyayya ba ba zai san nauyin murfin kwano ba. Idan aka ɗaga shi, gidanka aka buɗe. Ba wanda zai ce komai, amma idanun mutum huɗu sun riga sun ƙirga yankan naman da ke ciki.

Mun fara ragewa tun bayan da naman layya ya ƙare. Tukunyar gas ta koma ƙarƙashin gado, kurfoti na gawayi ya fito, matata ta koyi kashe garwashi da ruwa ta shanya shi don gobe. Madara ta bar shayin safe. Na daina hawa trotro, ina tafiya Alajo da ƙafa ta bakin gota, babbar magudanar ruwa, har na san kowace akuya a hanyar. Ranar Laraba, ranar babbar kasuwar Nima, matata ba ta fita sai la'asar sakaliya, lokacin da tumatir ya yi laushi masu shi suna neman wanda zai raba su da shi. Duk wannan bai dame ni ba. Wani ma dariya yake ba mu. Abu ɗaya na ce mata, kuma na faɗa da muryar maigida.

"Duk abin da za ki rage, ki rage. Amma kwanon waje kada ki taɓa shi."

Ta dube ni ta ce, "To, Baban yara."

Ba ta taɓa shi ba kuwa. Kullum na ɗaga murfi sai in ga yanka uku ko huɗu a kan miya, wata rana nama, wata rana ganda, wata rana kan kifi. Na sauran ma haka. Muna ci muna zagin farashi, kowa na cewa Allah dai ya rufa asiri, ni kuma a raina ina mamakin yadda su uku suke iyawa.

Tela ne ya fara ɓacewa. Ya ce ya ɗauki azumin Litinin da Alhamis, a masallaci zai riƙa buɗe baki. Bayan mako biyu ya ƙara da wasu ranaku.

"Chale, abokina, tun yaushe ɗan Moshi ya zama waliyyi?" in ji Direba. "Mutumin da ko na Ramadan sai an bi shi da sanda?"

Tela ya ce, "Kai dai ci abinka, bawana. Wani ne zai yi maka addu'a ranar da birkinka ya ƙi."

Muka yi dariya. Ban kawo komai a raina ba.

Wata rana muna cikin ci Direba ya ce miya tana son yaji, na tashi na shiga ciki in ɗauko. Ban saba shiga a wannan lokaci ba, domin lokacin da muke ci a waje su ma suke ci a baranda. Na tarar da yaran sun kewaye kwanonsu. Tuwo ne irin nawa, miya irin tawa, amma fayau take, ba ko ƙashi. Matata tana gefe da ƙanzon tukunya. Ƙaramar 'yata ta ɗago kai ta ce, "Baba, yau za ka rago mana ƙashi?" Yayarta ta zungure ta.

Na ɗauki yajin na fita. Na zauna, amma hannuna ya ƙi komawa cikin kwanon.

Da na dawo da kwanuka na tambayi matata tun yaushe. Ta ce tun bayan layya. Ta faɗa ba da fushi ba, tana goge tukunya. Abin da nake ba ta na cefane yanka huɗu yake saye, ni kuma na ce kada a taɓa kwanon waje, to ina za ta samo na biyar?

Na kwana biyu ina juya abin a hanyar Alajo. In ci gaba da fitar da naman, 'ya'yana suna kallo, ba zan iya ba. In fitar da kwano ba nama a gaban Alhaji, shi ma na ga kamar ba zan iya ba. Abin da ya rage shi ne in tashi daga tabarmar. A nan ne na gane irin azumin da Tela yake yi. Kuma na ga idan ni ma na tashi, saura kwano biyu ga mutum uku, ba a jima ba zaman zai mutu, Baba ya koma cin burodi da ruwan shayi a bakin shagon da yake gadi.

Duk da haka na yanke. Na ce wa matata ranar Juma'a bayan masallaci zan sami Alhaji in ce masa aiki ya yi mini yawa, ba zan riƙa samun magariba a gida ba.

Ta ce, "Aikin da babu?"

Na ce ai shi bai sani ba.

Ta ce, "Ka bari Laraba ta wuce tukuna."

Ban tambaye ta dalili ba. Ni mutum ne mai iya jira, sana'ata ma haka take, wanda bai iya jiran gam ya kama ba ba ya yin kafinta.

Abin da ya faru ranar Laraba daga baya ta ba ni labari. Su huɗu suka tafi kasuwa tare, ita da matar Tela da matar Direba da Hajiya matar Alhaji, don su haɗa kuɗi su sayi masara da albasa da yawa su raba, ya fi sauƙi. A wurin mahauci kowace ta riƙa jan jiki tana jiran sauran su wuce, kada a ga abin da za ta saya. Hajiya ta gaji da tsayuwa ta ce, "Ku zo nan. Wace ce 'ya'yanta suka ci nama a makon nan?" Matar Direba ce ta fara fashewa da dariya, ta ce ita har ɓoye ganda take a ƙasan kwano kada yara su gani. Matar Tela ta ce ranar da babu, shi ne ranar azumin mijinta, kuma yana shigowa yake cin tuwo biyu. Hajiya ta ce jikokinta uku ne a ɗakinta, su ma romo kawai suke sha, Alhaji bai sani ba. A nan gaban mahauci suka gama shawara.

Ranar Alhamis aka shimfiɗa tabarma. Abin mamaki sai ga Tela, fuska a murtuke, ya ce matarsa ta ce yau ko da azumi sai ya fito. Aka jera kwano huɗu. Alhaji ya yi bisimilla ya nuna nawa.

Na ɗaga murfi. Tuwon zafi ne da miyar ayoyo, kore shar, tana ƙamshin daddawa. Babu komai a kanta. Na kasa ɗaga ido. Direba, Allah ya saka masa, ya sa hannu da sauri yana cewa ai ayoyo ita ce sarauniyar miya, likitoci ma sun ce nama yana kawo hawan jini. Muka cinye.

Aka jawo na Direba. Ya buɗe da ƙarfinsa kamar mai cewa yanzu za ku gani. Miyar kuɓewa. Ya sa yatsa ya zaga dama, ya zaga hagu, ya ɗaga tuwon ya leƙa ƙasansa.

"Me kake nema, bawana?" in ji Tela. "Ba kai ka ce yana kawo hawan jini ba?"

"Buɗe naka mu gani, waliyyi."

Tela ya buɗe. Wake da gari, da ɗan manja a sama. Baba ya fara dariya ƙasa-ƙasa, kafaɗunsa na rawa.

Saura na Alhaji, babban kwano mai fure wanda ba a taɓa buɗe shi an rasa ƙashin bargo ba. Alhaji ya gyara zama, ya ce, "Yara, kada ku damu, kowa da ranarsa." Ya ɗaga murfin a hankali. Miyar kuka. Ya kawo fuskarsa kusa, ya cire tabarau, ya mayar.

Sai muka ji muryar Hajiya daga bayan ƙofa. "Alhaji, ba ɓata ya yi ba. Yana cikin jikokinka."

Daga cikin gida mata suka kwashe da dariya, yara na taya su ba su ma san dalili ba. Direba ya kwanta a kan tabarma yana riƙe da ciki. Tela yana nuna ni, ina nuna shi. Alhaji ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce, "Wato duk watannin nan naman yara muke ci, kowa yana jin kunyar kowa?"

Baba ya share hawaye ya ce, "Ni na daɗe da sani. Mai gadi ba ya barci, kuma ina ganin abin da ake shigowa da shi daga kasuwa. Shi ya sa nake tura muku yankana, kuna cewa haƙori ne ba ni da shi." Ya buɗe baki ya nuna mana haƙoransa, reras.

A wannan zaman Alhaji ya yanke hukunci. Nama a tabarma sai ranar Juma'a, kuma gida ɗaya ne zai kawo, ana zagayawa. Sauran kwanaki duk abin da aka samu na yara ne. Wanda ya saɓa ya fito da nama a ranar da ba tasa ba, shi zai wanke kwanuka a bakin famfo a gaban mata. Direba ya nemi a ƙara doka ta hana 'yan Moshi azumin ƙarya. Tela ya ce ya amince, in za a hana 'yan Dagomba aikin likita.

Ban je wurin Alhaji ranar Juma'a ba. Maimakon haka gidana ne ya fara kawo nama, yanka biyar, kowa ɗaya, kuma na ci nawa da daɗi domin na leƙa baranda kafin in fito, na ga yara ma da nasu.

Daga nan gasa ta koma wani wuri. Matan suka shiga nuna wa juna wadda ta fi iya miya ba nama. Matata tana daka ƙananan busassun kifi har su zama gari ta zuba, sai ka rantse akwai wani abu a ciki. Matar Tela ta fito da wata miyar gyaɗa da ganyen rogo wadda Direba ya ce saboda ita ya yafe wa Moshi duka. Baba ya koya musu miyar fakku irin ta garinsu. Ban taɓa cin miya iri-iri kamar a watannin nan ba, kuma ban tuna lokacin da aka fi dariya a ƙofar gidan ba. Mu biyar ɗin muna nan har yau.

Malamarmu ta ajin manya, inda nake koyon karatu ranar Asabar da Lahadi, ta ce kowa ya rubuta abin da wata shekara ta ci masa, kada ya ƙara kada ya rage. Ga nawa. Tukunyar gas ɗaya, na sayar. Takalmi ƙafa biyu, hanyar Alajo ta cinye. Rediyona, ya lalace ban gyara ba. Ƙarin huda biyu a bel ɗin wandona. Zama goma sha ɗaya da Tela bai yi da mu ba. Da wata huɗu da 'yan kwanaki da 'ya'yana suka yi ba su ci nama ba, ni ina waje ina ci.