Kwalba Goma Sha Biyu a Gayyar Shu'aibu

Da asubar wata Laraba, gari bai gama wayewa ba, Shu'aibu yana durƙushe a bayan rumbunsa yana tona rami a rairayi. Ya tona har gwiwar hannu, ya zuba ruwa guga biyu, ya jera kwalabe goma sha biyu a ciki, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Haka ake sanyaya abin sha a ƙauyensu da ke gabas da Hawandawaki, inda babu wuta balle ƙanƙara. Matarsa Barira tana daka a tsakar gida, ta leƙo ta ce ya bari su buɗe ɗaya su ɗanɗana. Ya ce a'a, na baƙi ne.

Shu'aibu mai gina rijiya ne, ubansa Habibu ma sana'ar ya yi har ya mutu. Ya haura shekara hamsin, kuma fiye da talatin daga cikinsu a ƙasan rami ya yi su. Daga Issawane har Tchaké akwai rijiyoyin da idan ka tambayi wa ya gina, sunansa za a kira. Yatsansa ɗaya na hagu ya lanƙwashe tun ranar da guga cike da tsakuwa ya kuɓuce daga sama. Ba shi da yawan magana. Idan ya ce za a sami ruwa a gaba ashirin, a nan ake samu, idan kuma babu, yakan naɗe igiyarsa ya ce wa mai gari kada ya ɓata hatsinsa. Ya yi allo yana yaro, yana karanta ajami, amma bai taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba.

A shekarar nan wani kamfani ya zo yin foraj, wato rijiyar burtsatse, a wajen Tessaoua, suka ɗauke shi don ya san ƙasar. Aikin ya ja har damina ta yi nisa. Da ya dawo gida ya tarar ciyawa ta fi geronsa tsayi, shi ya sa ya kira gayya. Ranar da aka tashi shantiye, wato wurin aikin, injiniyan aikin, wani ɗan Togo mai kirki, ya nuna masa ɗakin da ya zauna ya ce ya kwashe duk abin da ya rage. Katifa ce, da bokiti biyu, da wani kwali da ba a buɗe ba. A cikin kwalin ne kwalaben suke, iri huɗu, kowane iri uku. Wasu da hoton mangwaro, wasu zoɓo, wasu citta, wasu kuma saƙar zuma da ƙudanta a kai. Rubutun duk na boko ne. Shu'aibu ya ga mangwaro, ya ga zoɓo, ya ce lemo ne na manya, ya ɗaura kwalin a bayan babur ɗin haya ya riƙe shi da hannu har gida.

Gaskiya akwai son a yaba a cikin abin. Duk wanda ya kira gayya fura yake bayarwa, da tuwo, mai hali ya ƙara goro. Shu'aibu ya so a ce a gayyarsa an sha abin da ba a taɓa sha ba a garin.

Mutum goma suka zo da hauyoyinsu, ina cikinsu. Na goma sha ɗaya Malam Amani ne, tsoho mai shekara saba'in da wani abu, abokin marigayi Habibu, shi ya raɗa wa Shu'aibu suna. Bai zo noma ba, ya zo ya zauna a gindin aduwa ya sa albarka. Da rana ta take aka ajiye hauya, aka sha fura, sannan Shu'aibu ya zo da bokiti a ka, ya sauke, ya yaye buhun.

Nan take kowa ya miƙo hannu. Aka rasa abin buɗewa, Sufyan maƙeri ya sa bakin hauya ya ɓalle murfin na farko. Kumfa ta taso ta zubo masa a hannu.

"Kai! Wanga lemo da fushi yake," in ji shi. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Ina mangwaron? Ni ɗaci na ji, kamar an jiƙa sabara."

Na kusa da shi ya ce, "Bakinka ne ya saba da hayaƙin maƙera. Miƙo nan."

Aka shiga musanya. Mai zoɓo ya karɓi na mai citta, mai citta ya ce nasa ya fi, yana kama maƙogwaro. Ɗan Malam Amani ya ce ai haka Turawa suke, sukari ba ya yi musu, shi ya sa ba su da ƙiba. Wani ya ce magani ne na shawara, a sha da bismilla. Aka yi ta dariya ana gyatsa. Shu'aibu yana tsaye a gefe, hannu a baya, bai sha ko kurɓi ba. Daɗi ya cika shi. Da kansa ya zaɓi mai hoton zuma, ya buɗe, ya durƙusa ya miƙa wa Malam Amani da hannu biyu.

Malam ya yi bismilla ya sha a hankali, sau uku. Ya ce, "Wannan kam akwai zuma a ƙarshensa. Allah ya yi maka albarka, ɗan Habibu." Da ya ga saura ɗaya a bokiti, ita ma mai zuma, sai ya ce gobe Alhamis yana azumi, in ba mai so a ba shi ya yi buɗa-baki da ita. Shu'aibu ya goge ta da bakin rigarsa ya sa masa a aljihu.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Namadi taubashin Shu'aibu ne, ya yi shekara tara yana dako a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Ya kai kwalbarsa hanci, ya ajiye, wani ya ɗauke ya shanye. Ya jira har aka gama noman da la'asar, mutane suka watse. Sannan ya ja Shu'aibu bayan kalgo.

"Taubashi, wa ya ba ka wannan kaya?"

"Injiniya."

"Ka san ko mi ne ne?"

"Lemo."

"Giya ce."

Shu'aibu ya dube shi yana jiran dariya, don tsakaninsu ba a rasa tsokana. Namadi bai yi ba.

"Na sauke irinta daga jirgi har bayana ya goce. Sukan sa mata mangwaro ko zuma, gwargwadon abin da ya nuna a lokacin, amma giya ce. Ƙanshin ba ya ɓuya."

"Ka gani ka yi shiru?"

"In ce mi? In tashi gaban Malam in ce na san warin giya? A tambaye ni ina na san shi?" Namadi ya rage murya. "Saurara. Ba wanda ya bugu, kwalbar ƙarama ce, kuma cikinsu cike da fura. Ba su sani ba, ba su da laifi wajen Allah. Kai ma ba ka sani ba. Ka binne kwalaben ka rufe bakinka, ni ma na rufe nawa."

"Akwai ɗaya a aljihun Malam."

Namadi ya sosa ƙeya. Ya ce wannan kuma shi bai san yadda za a yi ba, ya saɓa hauyarsa ya tafi.

Shu'aibu ya zauna a kan kunya har rana ta kusa faɗuwa. Ya taɓa kwana a rami da ƙasa ta rufto masa har ƙirji, bai ji abin da yake ji yanzu ba. Tsohon nan tun yana saurayi bai bar wani abin zargi ya shiga bakinsa ba, ko taba ba ya sha. Yau ga shi an durƙusa an miƙa masa da hannu biyu, ya sha, har ya sa albarka. Na yau ya wuce, ba da sani aka yi ba. Amma na gobe, idan Malam ya buɗe baki da ita, Shu'aibu ya sani.

Da hantsin Alhamis ya tafi gidan Malam. Ya same shi a zaure yana gyaran wani tsohon littafi da zare. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gajiyar jiya. Ga kwalbar can a cikin kaskon ruwa a gindin randa, an rufa mata tsumma. Shu'aibu ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne wai ya ji an ce irin wannan lemon yana ɓata ciki, ko Malam zai ba shi ya kawo masa zuma ta gaske a madadinta.

"Cikina lafiya lau," in ji Malam. "Ko ka yi kyauta ne kana so ka karɓe?"

Ya yi dariya, Shu'aibu ma ya yi. Ya ƙara zama kaɗan, ya yi sallama ya fito. A hanya ya ji kamar ya tsani ƙafafunsa. Bai taɓa yi wa mutum ƙarya a kan ruwan rijiya ba, yau ya yi wa wanda ya raɗa masa suna.

A gida ya gaya wa Barira. Ta ajiye taɓarya ta riƙe baki. Ta ce bari ta je ta cikin gida wajen matar Malam, ta yi kamar tuntuɓe ta fasa kwalbar, shi ke nan magana ta mutu. Ya auna maganar, don dabarar za ta yi. Sannan ya ce a'a. Shi ya miƙa da hannunsa.

Bai koma ba sai da rana ta yi ja. Kuma jinkirin ya ja masa, don yanzu Malam ba shi kaɗai ba ne. An shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ga liman, ga mai gari, ga wasu dattawa uku da suka saba shan ruwa tare da shi ranar Alhamis. Ga dabino a faranti, ga kunu, ga kwalbar a tsakiya da ƙananan kofuna shida, Malam ya ce kowa sai ya ɗanɗana abin da ɗan Habibu ya kawo daga Tessaoua. Ladan ya riga ya nufi masallaci.

Shu'aibu ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin tabarma, ya sa hannu ya ɗauke kwalbar.

"Baba Malam, kada ku sha. Giya ce."

Mai gari ya ce, "Mi ka ce?"

"Giya ce. Ban sani ba sai bayan an sha. Wadda na ba Baba jiya ma ita ce."

Liman ya fara salati. Ɗaya daga cikin dattawan ya janye kofinsa kamar an ɗiga masa wani abu. Malam Amani bai ɗaga murya ba. Ya dubi hannunsa na dama, ya dubi Shu'aibu.

"Yaushe ka sani?"

"Jiya da la'asar."

"Da ka zo da hantsi ka sani ke nan."

"Na sani."

"Na jiya ba komai, Allah ya ga zuciyata, ya ga taka. Amma ka zauna a zaurena, ka dube ni, ka ce mini ɓacin ciki."

Aka kira salla. Malam ya ɗauki dabino ɗaya ya sa a baki, ya sha ruwa, ya tashi. Bai ce Shu'aibu ya tashi ba. Suka wuce masallaci suka bar shi a durƙushe da kwalba a hannu.

Kafin a idar da salla labari ya gama gari. Washegari mata a bakin rijiya suna ta yi, samari kuma suka laƙa masa Shu'aibu Mai Kwalba, sunan da har yau bai sake shi ba. Sufyan maƙeri ya rantse wai shi tun a gona ya ji kansa yana juyawa, alhali shi ya fi kowa neman ƙari. Namadi ya yi kwana biyu bai fito dandali ba, ko da yake Shu'aibu bai taɓa faɗin wanda ya gane warin ba. Da aka matsa masa, cewa ya yi wani ne ya gaya masa.

Kowa ya riga ya ji, ba sauran abin faɗa. Duk da haka ranar Juma'a bayan an sauko, ya bi gidajen mutanen da suka yi masa noma ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka yi dariya suka ce ya wuce. Ɗan Malam ya ƙi fitowa, ya aiko a ce ba ya nan, Shu'aibu ya tsaya a rana har ya fito.

Gidana ne na ƙarshe, don ni a bakin gari nake. Na same shi a ƙofa, ƙafafunsa sun yi fari da rairayi, igiyarsa ta aiki a kafaɗa, an kira shi aikin wata rijiya a wajen Tchaké. Na jawo tabarma ya ƙi zama. Ya ce, "Abin da na ba ka ranar Laraba giya ce. Ka zo ka yi mini noma, na shayar da kai haram. Ka yafe mini."

Na ce na ji tun jiya, kuma na yafe.

Ya ce ya san na ji, amma ba daga bakinsa ba. Na miƙa masa moɗar ruwa. Ya karɓa, ya sha rabi, ya zuba sauran a tafin hannu ya shafe fuskarsa, ya gyara igiyar a kafaɗa ya kama hanyar yamma a ƙasa.