Tukunyar Dambun Inna

Ranar wata Asabar ce a daminar shekarar da aka sallami Baba daga masana'anta, na dawo daga ɗibar ruwa na tarar da shi a tsakar gidanmu na unguwar New Bell yana huda tukunyar dambun Inna. Innalillahi! Tukunyar nan ita ke ciyar da mu tun da albashi ya yanke, ni nake kai tallan dambun bakin masallaci. Inna tana tsaye da ludayi a hannu.

Baba makanike ne, kuma ɗauke wuta ya ishe shi. Ya sha gaya mana cewa a wasu ƙasashe injin lantarki yana cin gas ya juya, zafin hayaƙinsa kuma ba a barinsa ya tafi a banza, da shi ake tafasa ruwa, tururin ya juya inji na biyu. “Wuta ɗaya, aiki biyu,” haka yake faɗa kullum har muka haddace. Sai ya ja bututu daga salansar injin markaɗen maƙwabcinmu ya ratsa cikin tukunyar, ya yanko farfela daga gwangwanin madara ya ɗaura wa dinamon keke mai ƙwan fitila, ya saita ta inda tururi zai buge ta. Tururi ya yi ta tsiyaya ta gefen murfi. Inna ce da kanta, duk da haushinta, ta kwaɓa kuka ta shafa a tsumma, ta liƙe bakin kamar yadda take liƙe madambaci.

Farfela ta fara juyawa. Wallahi na ga ƙwan fitilar ya yi ja da idona! Muka yi tsalle muna ihu, Baba yana dariyar da rabona da ji tun kafin sallamar. Can sai liƙin ya ɓalle, tururi ya tashi sama, ƙwan ya mutu.

Maƙeri ya duba hujin nan biyu ya girgiza kai. Tallan dambu ya tsaya. Baba ya sayar da sufanunsa ya koma dakon albasa a kasuwar Sandaga, bai ƙara zancen inji ba har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ɗana yana karanta irin injin nan a makaranta, a gida kuwa da tocila yake bita, don unguwarmu tana nan jiya-i-yau. Tukunyar tana bayan ɗaki, kaji ke ƙwai a ciki. Ya taɓa tambayata ko a kai ta wajen masu gwangwan, na ce ya bar ta. Inna ma ta rasu, tukunyar kaɗai ta rage da ta ga dariyar Baba tare da ni.